RA'AYINMU: Sauya Layin Waya, Zaɓi Sai da Abin Zaɓa

Duk wanda ya zauna cikin jama'a a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, da wuya ya tashi bai ji ana gardama a kan wane layin waya ne ya fi wani ba. Wannan ya ce nasa ya fi kama sabis a cikin gari, wancan ya ce nasa ne kaɗai ke shiga in an gangara fadama, wani kuma ya ce shi kam ya gaji, zai bar kamfaninsa ya koma wani. Baƙon da bai san halin da yankin yake ciki ba sai ya ɗauka hirar bakin kasuwa ce kawai. Alhali kuwa magana ce wadda ta shafi abincin mutane, da karatun 'ya'yansu, har ma da rayukansu. Saboda haka ne wannan jarida ta ga ya wajaba ta ce wani abu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ikon da doka ta ba kowane ɗan Nijeriya na ya bar kamfanin da bai gamsar da shi ba ya koma wani da lambarsa, abu ne mai kyau wanda ya kamata jama'a su sani su kuma yi aiki da shi. Amma wannan iko ba ya da amfani sai a inda ake da kamfani biyu ko uku waɗanda sabis ɗinsu yake aiki sosai. A inda babu ko ɗaya, ko kuma duk suka dogara da ƙarfen sabis guda, to, sauya layi ya zama gudun gara a faɗa gidan zago.

Yana da kyau mu tuna daga inda aka fito. Kafin 2001, layukan tarho da kamfanin NITEL yake da su a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma galibinsu a ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali suke. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, aka sayar da kowane ɗaya a kan Dala miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin, layi ɗaya yakan kai Naira 20,000, kuma ana cajin mutum kuɗin minti cikakke ko da gaisuwa kawai ya yi ya kashe. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da tsarin caji bisa daƙiƙa, sannan sauran suka bi sahu ba don suna so ba. Econet ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel, zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya shigo a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sa'an nan a 2025 ya sake suna zuwa T2. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: talaka bai taɓa samun sauƙi daga waɗannan kamfanoni ba sai lokacin da suka ji tsoron zai bar su.

Wannan tsoro ne hukumar NCC ta so ta ƙarfafa sa'ad da ta ƙaddamar da shirin sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, ranar 22 ga Afrilu, 2013. Kafin nan, mutum yakan haƙura da layin da yake ba shi wahala don kawai abokan hulɗarsa da danginsa sun san lambar. Daga wannan rana lamba ta zama ta mai ita, yana iya tafiya da ita duk kamfanin da ya ga dama. Shi ya sa yanzu ba a iya rantsuwa cewa duk lambar da ta fara da 0803 ta MTN ce, ko 0802 ta Airtel, ko 0805 ta Glo, ko da yake haka aka raba su tun farko.

Hanyar yin wannan sauyi ba ta da wuya, kuma ba a biyan ko kwabo. Mai layi zai je da kansa ofishin kamfanin da yake son komawa, da wayarsa da katin shaidarsa, ya cike takarda, sa'an nan ya aika da kalmar PORT zuwa lamba 3232 daga layin da yake son ɗaukewa. Za a ba shi sabon sim, kuma bisa ƙa'ida aikin yakan kammala cikin awa 48. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a sani tun kafin a tashi. Kuɗin kati da datar da suka rage a tsohon layi ba sa bin mutum, don haka gara ya cinye abinsa tukuna. Lambobin da ya ajiye a cikin tsohon sim sai ya kwashe su zuwa cikin waya. Sunan da ke kan layin tilas ya dace da wanda ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, domin tun daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa su, kuma wanda yake riƙe da layin da aka yi wa rajista da sunan wansa ko maƙwabcinsa zai sha wuya. Daɗin daɗawa, wanda ya sauya ba shi da ikon sake sauyawa sai bayan wasu makonni. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma fitowa sai an sha fama.

Me ya sa muka damu da wannan magana a waɗannan ƙananan hukumomi uku musamman? Dalili shi ne, nan ne zuciyar noman rani ta Jihar Zamfara. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an tsara ta ne don ta shayar da kadada 23,000, kuma gonakin da take shayarwa a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun suke. Manomin shinkafa ko tumatir ko albasa yana bukatar ya san farashin Gusau da na Sakkwato kafin ya yi ciniki da dillali, kuma tumatir ba ya jiran sabis ya dawo. Ɗan kasuwar da ya kawo kaya ran Talata a Mafara, yawancin kuɗinsa yanzu ta waya suke shigowa, musamman tun daga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wanda ya koya wa kowa tura kuɗi da zuwa wurin masu POS. Idan sabis ya tsaya, ciniki ya tsaya, ko kuma a cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba, a tashi da rigima. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, rajistarsu da biyan kuɗinsu da binciken karatunsu duk sun koma kan intanet. Yaron da zai rubuta jarrabawar JAMB ma da lambar waya yake buɗe rajistarsa, kuma wannan lamba ita za ta bi shi har ya sami gurbi. Lambar waya ta zama adireshin mutum, kuma mabuɗin asusunsa na banki.

To, ta yaya mutum zai gane layin da ya fi dacewa da shi? A nan ne jama'a da yawa suke ruɗuwa, domin suna haɗa abubuwa biyu da suka bambanta: isar sabis wuri, da kuma saurin data. Sandunan da ke nunawa a goshin waya suna faɗin ƙarfin siginar da ke zuwa daga ƙarfen sabis ne kawai. Ba sa faɗin yawan mutanen da suke rabon wannan ƙarfe a lokacin. Ƙarfen sabis kamar rijiya yake: in masu ɗiba goma ne kowa ya cika tulunsa nan da nan, in kuwa sun kai dubu sai a yi layi. Wannan ne ya sa ran kasuwa mutum zai ga sandunansa a cike, amma saƙo ya ƙi tafiya. Haka kuma da dare, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe wayarsa, data takan yi nauyi fiye da yadda take da asuba.

Abu na biyu shi ne irin zangon da kamfani yake watsa siginarsa a kai. Ƙananan zanguna, irin su 800 da 900, suna tafiya nesa, suna kuma ratsa bango da itatuwa, don haka su ne suka dace da karkara. Manyan zanguna, irin su 2600 da kuma 3500 wanda ake amfani da shi wajen 5G, suna ɗaukar data mai yawa amma ba sa nisa. Saboda haka tallar 5G, wadda MTN ya fara a 2022 Airtel kuma ya biyo baya a 2023, ba ita ce damuwar mutumin Faru ko Damri ba. Abin da yake bukata shi ne kira ya shiga a kowane lokaci, da 4G mai ɗorewa. Abu na uku shi ne hanyar da ta haɗa ƙarfen da sauran duniya. Ƙarfen da aka jawo wa wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa ya fi wanda yake karɓa ta iska daga wani ƙarfen, wanda shi ma daga wani yake karɓa, domin in ɗaya ya mutu a tsakiya duk na bayansa sun mutu. Na huɗu kuwa ita ce wayar da ke hannun mutum. Ƙaramar waya mai madannai wadda 2G kaɗai take kamawa ba za ta yi sauri ba ko da wane sim aka sa mata.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun wajen 2014 yawancin kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafunansu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da American Tower, suka koma suna haya. Don haka sau da yawa ƙarfe ɗaya ne yake ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku, inji ɗaya yake ba su wuta. Ranar da man dizal ya ƙare, ko aka sace batura, ko motar mai ta kasa isa wurin saboda tsoron hanya, duk layukan tare suke ɗaukewa. Mutumin da ya bar wannan kamfani ya koma wancan a irin wannan wuri bai sauya komai ba sai launin sim ɗinsa.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu abin da rashin sabis yake nufi, domin sun ɗanɗana. A 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin watan Fabrairu, aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin watan Agusta, sa'an nan ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ranar 3 ga Satumba hukumar NCC, bisa roƙon gwamnatin jihar a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta umarci dukkan kamfanoni su rufe sabis a duk faɗin Zamfara. An ce na mako biyu ne, amma Gusau ba ta sami nata ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni babu wanda ya yi gardamar wane layi ya fi wani. Mutane sun riƙa yin doguwar tafiya har birnin Sakkwato don su yi kira ɗaya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Ba mu kawo wannan don mu ta da tsohuwar muhawara a kan ko matakin ya yi amfani ba. Mun kawo shi ne don ya nuna cewa tsaro da sadarwa a ɗaure suke da juna. Inda babu tsaro injiniya ba zai je gyara ba, inda kuma babu sabis ƙauyen da aka kawo wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki.

Saboda haka shawararmu ga jama'a ita ce, gani ya kori ji. Kada wanda ya sauya layi saboda talla, ko saboda garaɓasar data da aka yi masa alkawari, ko don wani ɗan'uwansa da ke Kano ko Abuja ya ce layin kaza ya fi sauri. Abin da yake gaskiya a Kano ba lalle ne ya zama gaskiya a Rini ko Janbako ba, kai har unguwa da unguwa ma akan sami bambanci. Tun da yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar sim biyu, mutum ya fara gwada layin da yake sha'awa na mako ɗaya ko biyu tukuna. Ya gwada shi a cikin ɗakinsa, da gonarsa, da rumfarsa ta kasuwa, da hanyar da ya saba bi. Ya gwada da safe, ya gwada da dare, ya gwada ran kasuwa. Ya lura ko kira yana shiga da bugu ɗaya, ko yana yankewa, ko saƙon banki yana zuwa a kan lokaci. Mai babbar waya yana iya amfani da manhajar auna sauri, amma ya auna sau da yawa, kuma ya sani cewa awon kansa yana cin data. In bayan wannan ya tabbata sabon ya fi, to, ya ɗauki lambarsa ya tafi, babu wanda ya isa ya hana shi. In kuwa kowanne yana da inda ya fi, to, ya riƙe biyun, ya bar lambar bankinsa a kan wanda ya fi kamawa a gida. Wanda kuma aka zalunta, ya kai ƙara ga kamfaninsa, in ba a share masa hawaye ba ya kira 622, layin koke-koke na hukumar NCC, wanda kyauta ne.

Amma ba daidai ba ne a bar talaka shi kaɗai da wannan aiki. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, bisa hujjar tsadar dizal da faɗuwar darajar Naira, aka kuma yi wa jama'a alkawarin za su ga gyara. Manomin Yarkofoji yana biyan kuɗin da mazaunin Legas yake biya a kan kowace gigabayit, don haka yana da haƙƙin ya tambaya ina nasa rabon gyaran. Muna kira ga hukumar da ta riƙa auna ingancin sabis na kowane kamfani gunduma gunduma, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, domin taswirar da aka ajiye a intanet ba ta da amfani ga mutumin da rashin intanet ɗin ne kukansa. Kididdigar jiha gaba ɗaya takan ɓoye gaskiya, domin kyawun sabis na Gusau yana rufe muninsa a Gidan Goga.

Na biyu, Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, watau USPF, don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Ƙauyukan da ke nesa da babban titin Gusau zuwa Sakkwato su ne ainihin waɗanda aka kafa wannan asusu dominsu. Ya kamata wakilan yankin a Majalisar Tarayya su nemi a faɗa musu ƙarafa nawa asusun ya kafa a mazaɓunsu, nawa ne kuma suke aiki a yau. Haka nan shirin shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000 da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 2024, kada ya tsaya a manyan birane.

Na uku, a 2025 hukumar ta amince da yarjejeniyar da ta ba masu layin 9mobile damar hawa kan sabis ɗin MTN a inda nasu bai kai ba. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. A ganinmu ya kamata a wajabta irin wannan a yankunan da ke fama da rashin tsaro, yadda duk ƙarfen da ke tsaye a ƙauye zai karɓi kowane layi, kamfanoni su yi lissafinsu a tsakaninsu daga baya. MTN yana da fiye da rabin masu layi a ƙasar nan, Airtel kuma wajen kashi ɗaya cikin uku. In aka bar kasuwa kaɗai ta yi hukunci, ƙauyuka da yawa za su tashi da kamfani ɗaya tak, wanda ba shi da abokin gasa balle ya ji tsoron a bar shi.

Na huɗu, su kamfanonin su kawo ofisoshin da ke da ikon sauya layi da gyaran rajista kusa da jama'a. Haƙƙin da sai mutum ya biya kuɗin mota ya kuma sa ransa cikin haɗarin hanya kafin ya same shi, sunansa kawai haƙƙi. Su kuma ƙara dogara da hasken rana wajen ba ƙarafunansu wuta, tun da rana ba ta bukatar rakiyar jami'an tsaro kafin ta iso.

Na biyar, gwamnatin jiha a ƙarƙashin Gwamna Dauda Lawal, da shugabannin ƙananan hukumomin uku, suna da nasu aikin. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda taɓa su babban laifi ne. Umarni a takarda ba ya tsare ƙarfe. Sai an sa wuraren cikin tsarin sintiri, an raka masu kai mai da masu gyara, an sauƙaƙa haraji da izinin haƙa, an kuma ja kunnen 'yan kwangilar hanya da ke tsinke wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, da hakimai da dagatai, su ma su faɗakar da talakawansu cewa wanda ya saci batir ko man ƙarfen sabis, garinsu ya cuta kafin ya cuci kamfani, kuma mai sayen kayan sata shi ma ɓarawo ne.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba marayu ba ne a siyasar Zamfara. Yariman Bakura, Alhaji Ahmad Sani, shi ne gwamnan farar hula na farko daga 1999 zuwa 2007, Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi mulki daga 2011 zuwa 2019, Alhaji Bello Matawalle na Maradun kuma daga 2019 zuwa 2023. Yankin da ya fitar da manya irin waɗannan yana da bakin da za a saurara a Gusau da Abuja, in har manyan suka haɗa kai a kan bukata ɗaya. Bukatar kuwa ba mai yawa ba ce: a ce a kowace gunduma akwai aƙalla layi biyu masu aiki dare da rana. Ranar da aka kai ga haka, jama'a da kansu za su ladabtar da kamfanin da ya yi sakaci, ta hanyar ɗaukar lambobinsu su yi gaba. Kafin nan, kowa ya gwada kafin ya sauya, hukuma kuma ta yi abin da aka kafa ta dominsa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa shugabanni su ji.